Yadda ake zaɓar tsanin hawa jirgin ruwa da yadda ake ɗaura shi

Na daɗe ina ƙetarar da mutane da kaya a gulbin Rima, kuma na ɗaura wa jirage tsani, nawa da na abokan sana'a, har na daina ƙirgawa. Yawancin jiragenmu, daga Goronyo zuwa Wurno har Wamakko da Silame, ba su da tsani ko ɗaya. In ka yi wa mai jirgi maganar, sai ya ce ai a bakin gaɓa ake shiga, tsanin me kuma? Yana da gaskiya in mai shiga daga tudu ake nufi. Ni wanda nake tunawa shi ne mutumin da ya faɗa a tsakiyar gulbi, babbar rigarsa ta sha ruwa, hannunsa na riƙe da bakin jirgi, ruwa kuma ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin jirgin. Na ga ƙato wanda ya iya iyo ya kasa ɗaga jikinsa a wannan hali. Sai da mutum uku suka jawo shi, jirgin kuwa saura ƙiris ya kife don duk sun taru a gefe ɗaya. Domin irin wannan mutum ake yin tsani, shi ya sa duk awon da za mu yi daga cikin ruwa za mu fara shi.

Kayan da za ka tanada

- Tef na awo. In babu, gora miƙaƙƙiya da za ka yi wa shaida ta isa.
- Alli ko gawayi.
- Maganaɗisu. Na cikin tsohuwar sifika yana yi.
- Bol da noti da washa masu kaurin milimita 8 ko 10, guda huɗu zuwa shida.
- Farantin ƙarfe ko guntun katako mai kauri, na tokarawa ta cikin jirgi.
- Abin huda katako da sifana biyu.
- Tsohuwar tayar babur ko tiyo, na naɗe wuraren da tsani ke taɓa jirgi.
- Igiyar nailan mai kaurin milimita 12.
- Kwalta ko gam na toshe huda, da jan fenti na hana tsatsa.
- Buhu uku na yashi, kowane kamar kilo 50.
- Rigar kariya, wato mai hana nutsewa, da mutum biyu da za su taya ka ranar gwaji.

1. Fara da duba jirgin kansa

Kafin ka je kasuwa ko wurin mai walda, tsaya ka kalli jirginka. Ƙaramin kwale-kwale na masunta, wanda faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, ba a rataya masa tsani a gefe ko kaɗan. Nauyin mutum ɗaya a gefensa ya isa ya karkatar da shi ya kwashi ruwa. Irin wannan ta gindi ake hawansa, kuma igiya mai madauki ɗaya ko biyu ta fi masa ƙarfe. Babban jirgin katako na ranar kasuwa, mai ɗaukar mutane da buhuna da babura, shi ne ya fi kowane buƙatar tsani, domin bakinsa na da tsawo, kuma yana iya ɗaukar nauyi a gefe. Jirgin faiba mai inji yana tsakiya: yana da wurin ɗaurawa mai kyau a baya, amma jikinsa ba shi da kauri, kuma farfela na nan kusa.

Yi wannan gwajin a ruwa mara zurfi. Jirgi babu kaya, ka sa babban mutum ya rataya da dukkan nauyinsa a wurin da kake son sa tsanin. In bakin jirgin ya sauko har saura ƙasa da tafin hannu ya taɓa ruwa, wurin bai yi ba, koma baya.

Ka kuma ƙwanƙwasa katakon wurin da sifana, ka caka masa bakin wuƙa. Katakon da ya fara ruɓewa yana karɓar wuƙa kamar rogo. Kowane irin tsani ka saya, ƙarfinsa bai wuce na katakon da ke riƙe da shi ba. Canza katakon tukuna.

2. Awo

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Auna jirgin yana kan ruwa, babu kaya, babu fasinja. Dalili kuwa, lokacin da jirgi ya fi tashi sama ke nan, kuma lokacin ne tsani ya fi gajarta a cikin ruwa. In ka auna shi da lodi, ranar da ka sauke kaya za ka tarar matakin ƙarshe yana lilo a saman ruwa.

Awo na farko daga bakin jirgi zuwa fuskar ruwa. Awo na biyu shi ne abin da zai nutse. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka ta ce matakin ƙarshe ya kasance aƙalla inci 22 a ƙarƙashin ruwa, wato kamar santimita 56. Ni sittin nake sawa don lissafi ya yi sauƙi. Abin da ya sa ake son wannan zurfi, mutumin da ke cikin ruwa kansa da kafaɗunsa ne kawai a waje, ƙugunsa na can ƙasa. In matakin farko da zai taka yana daidai ƙirjinsa, sai ya ɗaga gwiwa har haɓa kafin ya taka, daga nan kuma ya ja dukkan jikinsa da ƙarfin hannu. Saurayi na iya yi. Tsoho, ko mace da zani ya naɗe mata ƙafafu, ko wanda ya gaji da iyo, ko wanda sanyin ruwan hunturu ya kama wa gaɓoɓi, ba za su iya ba.

Ga misali. Bakin jirginka ya tashi santimita 60 daga ruwa. Ƙara 60 na ƙasa, ya zama 120. Tazarar da ke tsakanin mataki da mataki kada ta wuce santimita 30, ka ga matakai huɗu ke nan: ɗaya a sama, ɗaya daidai fuskar ruwa, biyu a ciki. In yara da tsofaffi kake yawan ɗauka, rage tazarar zuwa 25 ka sa matakai biyar. Doka mai sauƙin riƙewa ita ce kada matakan da ke cikin ruwa su kasa biyu, uku kuwa sun fi.

Tsanina na farko a kan tudu na auna shi, jirgin yana kife ana yi masa kwalta. Ya yi kyau a ido. Da muka saka jirgin ruwa na rataya shi, wani dattijo Basarke, wato daga Sarkawa masunta, da ke gyaran taru a gefe ya kalle shi ya ce, "Ɗana, wanga tsanin hawan rumbu na, ba na ruwa ba. Shiga ka hau mu gani." Na ce, "To, Baba." Na shiga, na nemi wurin sa ƙafa na rasa. Mataki ɗaya ne kacal ya taɓa ruwa. Na mayar da shi aka ƙara masa biyu, kuma tun ranar ban sake auna jirgi a tudu ba.

3. Zaɓi irin tsanin

Iri huɗu ne za ka ci karo da su.

Mai ƙugiya shi ne wanda samansa ya lanƙwashe, ana maƙala shi a bakin jirgi a cire in an gama. Shi ya fi dacewa da manyan jiragen katako, don ba sai ka huda jirgi ba, kuma kana iya kai shi duk gefen da mutum ya faɗa. Sharaɗinsa biyu. Buɗin ƙugiyar ya zo daidai da kaurin bakin jirginka, kada ya yi sako-sako. Sannan a ɗaure shi da gajeriyar igiya a jikin jirgin, domin in igiyar ruwa ta ɗaga shi ya zame, ƙarfe ne, kai tsaye ƙasa zai yi. Raunin wannan tsani ɗaya ne, amma babba: sai da wani a cikin jirgi da zai rataya maka shi. Mai fita shi kaɗai kada ya dogara da shi.

Mai naɗewa shi ne wanda aka ɗaure sashensa na sama da bol, na ƙasa kuma yana kan hinji, ana ɗaga shi sama in za a tafi. Wannan na fi so wa jirgin faiba da duk jirgin da ke aiki kullum.

Mai zugewa, wanda bututunsa ke shiga cikin juna, ana kawo shi daga waje a shirye. A ruwa mai tsabta ba shi da laifi. A gulbinmu na damina, da ruwan ke zuwa ja wur da laka da yashi, yashin na shiga tsakanin bututun ya cije. In shi ka samu, wanke shi duk sati, ka zuge shi ka mayar sau da yawa.

Na huɗu tsanin igiya ne, zan zo kansa a mataki na 8.

4. Da me aka yi shi

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu walda ke ce wa sitenles, ya fi kowane. Yana zuwa da lamba, 304 da 316. Na 316 an fi yinsa domin ruwan gishiri na teku, kuma ya fi tsada. Ruwanmu ba shi da gishiri, 304 ya wadatar, kada ka ɓata kuɗinka. Abin da za ka kiyaya shi ne baƙin ƙarfe da aka shafa wa ƙyalli. Ɗora masa maganaɗisu: sitenles na waɗannan lambobi da ƙyar yake jan maganaɗisu, in ma ya ja, na jabu kuwa caraf zai kama.

In sitenles ya fi ƙarfin aljihunka, farin bututun ƙarfe irin na famfo, mai faɗin inci ɗaya, yana yin shekaru. Da shi na yi mafi yawan tsanukan da na ɗaura. Sai dai wurin da aka yi walda farin shafen yana ƙonewa, nan tsatsa ke fara ci, don haka a goge a shafa jan fenti sau biyu. Ka kuma gaya wa mai waldar ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, hayaƙin wannan bututu yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Alminiyam ba shi da nauyi, amma sirara daga cikinsa suna lanƙwashewa a ƙarƙashin babban mutum, kuma ba kowane mai walda ke iya gyara shi ba. Bututu mai kusurwa huɗu na yin ƙofa da taga kuwa kada ka kusance shi. Daga ciki yake ruɓewa, waje yana nan da fentinsa, sai ranar da aka taka ya karye.

Katako yana yi in an sami mai tauri irin ƙirya ko maɗaci, amma yana tasowa saman ruwa, sai an ɗaura masa nauyi a ƙasa.

5. Abin da za ka gaya wa mai walda

Kada ka ce masa kawai ya yi maka tsani, zai yi maka irin na hawa soro. Tafi da awonka a rubuce, ka tsaya a kan abubuwa huɗu.

Faɗin ciki santimita 35 zuwa 40, yadda ƙafa biyu za su zauna a mataki ɗaya.

Matakan su zama masu faɗi a sama. Wanda ke fitowa daga ruwa yawanci ba takalmi a ƙafarsa, kuma zagayayyen bututu yana cin tafin ƙafa, in ya yi gansakuka kuma santsi gare shi kamar kuɓewa. A ɗora wa kowane mataki guntun katako mai faɗin yatsa uku zuwa huɗu, a yi masa tsaga-tsaga da zarto, ko a yi masa walda da ƙarfe mai gurzau. Katakon yana da wani amfanin: a zafin Afrilu na Sakkwato, ƙarfen da ya wuni a rana ba ya taɓuwa.

Na uku, ƙafafun tokara. Wasu gajerun ƙarafa ne guda biyu, tsawon santimita 12 zuwa 15, da ake yi wa walda a bayan tsanin su dafa jikin jirgi. Mutane da yawa ba su san da su ba, alhali su ne rabin aikin. In babu su, tsanin yana mannewa da jirgi, yatsun ƙafa su rasa wurin shiga. Kuma da yake cikin jirgi yana lanƙwasawa ciki ta ƙasa, da ka taka sai tsanin ya bi lanƙwasar ya shige ƙarƙashi, ka koma kana hawa a rigingine. Naɗe bakin ƙafafun da taya don kada su ci katako ko su fasa faiba.

Na huɗu, mariƙi. Sandunan gefe su zarce bakin jirgi da aƙalla santimita 30, ko a kafa wani ƙarfe na riƙewa a ciki. Mutum yakan hau lafiya har ya kai sama, sai ya rasa abin kamawa ya koma ruwa da baya.

Kafin ka biya, shafa hannunka a kan kowace walda. Duk tsinin da ya kama maka fata zai kama zani ko ya yanki ƙafar yaro, sai an goge shi. A bar 'yar huda a ƙasan kowane bututu don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

6. Wurin ɗaurawa da ɗaurin kansa

A jirgi mai inji, sa tsanin nesa da farfela iyakar yadda bayan jirgin ya ba da dama. Juya injin har ƙarshe dama da hagu, ka ɗaga shi ka sauke, ka tabbata ba ya taɓa tsanin. Ka kuma sa shi inda matuƙi ke ganinsa daga mazauninsa. Duk da haka, doka ce da ba ta da togiya: in mutum na kusa da tsani, a kashe inji ɗungurungum. Cire giya kawai bai isa ba, hannu na iya bugun ta cikin ruɗewa. Kada a sa tsani a goshin jirgi, nan ne ya fi tsawo, kuma in ruwa na gudu jirgin na iya hawa kan mutum.

Wajen ɗauri, riƙe tsanin a wurin, ka yi shaida da alli, ka huda. Cika hudar da kwalta in katako ne, ko gam in faiba ne, sannan ka zura bol ya fita ta ciki. Ta cikin sai ka sa farantin ƙarfe ko katakon tokara wanda ya fi wurin bol ɗin faɗi, sannan washa, sannan noti. Amfanin farantin shi ne ya raba nauyi, in babu shi noti na iya ratsa faiba ya fito da guntunta. Ɗaure a hankali, bi da bi, har kwaltar ta ɗan fito ta gefe. Ƙusa ba ta riƙe tsani, sukurun katako ma haka, da an ja su sau da yawa suke zarewa.

In mai naɗewa ne, kada ka ɗaure shi sama da ƙullin da sai daga cikin jirgi ake kwancewa. Yi masa ƙullin zarge, ka bar bakin igiyar yana reto kamar tafin hannu sama da ruwa, yadda wanda ke ciki zai miƙa hannu ya fizga tsanin ya sauko. Igiyar ta zama gajera, kada ta isa farfela.

7. Gwaji

Da farko buhunan yashi. Rataya biyu a matakin da ke sama da ruwa, ka duba walda da wurin bol, sannan ka ƙara na uku. Kilo 150 ke nan, kuma ba yawa ba ne, domin wani lokaci mai ceto da wanda ake ceto tare suke kan tsani. Ka saurara da kyau, katakon da zai ba da kai yakan yi ƙara tukuna.

Bayan haka ka sa rigar kariya ka shiga da kanka, da tufafinka na yau da kullum, a ruwa mai kwanciya inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Mutum ɗaya ya zauna a ɗaya gefen jirgin ya danne, ɗaya ya tsaya kusa da gora a hannu. Sauko da tsanin daga cikin ruwa, ka hau ba tare da an miƙo maka hannu ba. In ka yi nishi kafin ƙafarka ta sami matakin farko, tsanin ya gajarta, a ƙara masa. Sa yaran jirginka su ma su gwada, kowa sau biyu, kuma ka koya musu cewa in mutum ya faɗa, ɗaya ne ke zuwa wurin tsani, sauran fasinjoji a tsawata musu su zauna inda suke.

Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka koma ƙetarewa da jirage, ya san irin mutanen da ke shiga jirgi in ruwa ya zo: ɗalibai, mata da goyo, ma'aikata, mafi yawansu ba su taɓa iyo ba. Da su za ka auna sauƙin tsaninka. Kuma kada samun tsani ya sa ka ƙara ko buhu ɗaya a kan lodin da jirgin ke ɗauka, ko ka bar rigunan kariya a gida. In jirgi ya kife, tsanin ma yana ƙarƙashin ruwa.

8. In babu kuɗin ƙarfe

Yi na igiya, ya fi babu nesa ba kusa ba. Yanka itace mai tauri guda biyar, tsawon santimita 40, kaurin kamar ƙotar fartanya. Huda kowane a gefe biyu, ka bar yatsa uku daga baki don kada ya tsage. Ninka igiyar nailan biyu, ka zura ta, kana yin ƙulli a ƙarƙashin kowane itace da samansa, tazara santimita 28. A matakin ƙarshe ɗaura guntun ƙarfe, ko ka yi shi da bututu gaba ɗaya, don ya ja tsanin ƙasa. Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa ba ta dace ba, tana tasowa saman ruwa, rana kuma tana cinye ta har ta riƙa marmashewa a hannu.

Tsanin igiya yana shigewa ƙarƙashin jirgi fiye da kowane, don haka ƙara masa mataki ɗaya a kan lissafin da muka yi, kuma mai hawa ya manne ƙirjinsa da jirgi, ya tura da ƙafa maimakon ya ja da hannu. Ɗaure shi a ƙashin jirgin, kada a bencin zama.

Ga masu shiga daga gaɓa mai laka kuwa, musamman tsofaffi, tsani ba ya yi musu. Samo faffaɗan katako, ka buga masa 'yan sanduna a gicciye duk santimita 25, ka jingina shi daga tudu zuwa bakin jirgi, yaro ya riƙe gora a gefe su dafa.

9. Kula da shi

Ɗaga tsani kafin ka tada inji. In ka bar shi a ƙasa zai kwashi ciyawa da tarun masunta, ko ya daki tudun yashi ya ɓalle katakon da ke riƙe da shi. Kankare gansakuka duk sati. Katako na kumbura da damina ya ƙanƙance da rani, saboda haka notin da ka ɗaure tam a watan Agusta za ka same shi yana girgiza a Maris, bi su da sifana sau biyu a shekara. Kafin ruwan Yuli ya cika gulbi, kwance bol ɗaya ka duba tsakiyarsa, inda ya ratsa katako. In ya sirance ko ya yi ja, canza su duka a ranar, ka sake cika hudojin da kwalta.